Littafin Aikin Lungunmu a Nima: Daga Bencin Ataya Zuwa Cikin Gota

Asabar, 13 ga Afrilu, 2024

Ni tela ne, kuma duk tela ya san cewa kwanakin da ke bin ƙaramar Sallah su ne kaɗai hutunsa. Keken ɗinki ya yi shiru, sai zaman bes, wato majalisar samari, da shan ataya. Yau muna zaune a lungunmu na Nima, cikin birnin Accra na Ghana, mu goma sha huɗu bayan La'asar, ana gardamar ƙwallo, Alhaji mai shagon katako ya fito daga masallaci ya tsaya a kanmu. Bai zauna ba, bai karɓi kofin da aka miƙa masa ba.

Ya ce, "Samari, ruwan da aka yi cikin azumi, wa ya kwashe wa Mma mai koko ruwan ɗakinta?"

Kowa ya yi tsit. Mun san amsar. Ita ta kwashe da kanta, da tsohuwar roba, ita da jikarta 'yar shekara tara, har gab da sahur. Gotar, wato magudanar ruwan da ta bi ta ƙofar gidanta, ta cushe tun bara, kuma taku ashirin ne tsakaninta da bencin da muke kai. Alhaji bai ƙara komai ba, ya sa takalminsa sosai ya wuce. Da zagi ya yi da ya fi mana sauƙi.

Kafin Magariba mun yanke cewa za a kira taron mazan lungu ranar Lahadi ta sama. Aka ce ni zan riƙe littafi, wai rubutuna ya fi karantuwa tunda kullum ina rubuta awon mutane.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Mutum 43 suka zo harabar makarantar allo. Da Bahaushe da Bazabarme da Kotokoli da Camba da Mosi da Dagomba, har da wasu 'yan uwa biyu Kiristoci da ke haya a gidan ƙarshe. Duk da Hausa aka yi magana, kamar yadda aka saba a Nima.

Awa uku muka yi. Minti goma aka yi a kan gota, sauran duk a kan muƙamai da suna. An zaɓi shugaba, mataimaki na ɗaya, mataimaki na biyu, ma'aji, mai binciken ma'aji, mai magana da yawun ƙungiya, har da wani muƙami da har yanzu ban gane aikinsa ba. Sunaye bakwai aka kawo, uku da Larabci, biyu da Turanci, biyu da Hausa, kowa ya kafe a kan nasa, aka tashi babu suna. Ina rubutu ina raya wa a zuciyata cewa wannan fa taron tsintsiya ne, babu shara.

Abu ɗaya mai amfani: kuɗin shiga sidi 20. Mutum 27 suka biya nan take, sidi 540 ke nan. Sauran suka ce "gobe in sha Allahu."

Laraba, 24 ga Afrilu

Gaisuwar manya. A zango, wato unguwar baƙi irin tamu, ba a fara abu a bainar jama'a ba tare da an durƙusa a gaban masu unguwa ba. Muka sayi goro muka je wurin Sarkin unguwarmu, daga nan wurin Malam Liman, da dare kuma asambuliman, wato kansilan unguwa. Muka leƙa wurin faston ƙaramin cocin da ke bayanmu, da wata dattijuwa 'yar ƙabilar Ga mai gidaje biyu a lungun.

Sarki ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce shi a zamansa ya sa albarka ga ƙungiyoyin samari ba adadi, kuma bai san inda ko ɗaya take ba yanzu. "Ku dawo mini bayan ruwan Yuni. In kuna nan, sai mu yi magana." Yau ranar kasuwar Nima ce, mun sha wahalar ratsa titi da dawowa.

Alhamis, 2 ga Mayu

Alhaji ya ba da sidi 1,000. Abokan sana'ata sun haɗa mini 260. Jimilla da kuɗin shiga 1,800. Ni da kafintanmu muka shiga tirotiro, ƙaramar motar haya, zuwa kasuwar Timber Market.

Baro biyu, sidi 960. Shebur shida, 450. Manjagara biyu, 120. Safar hannu ta roba guda goma sha biyu, 180. Kuɗin mota da ɗauko kaya, 70. An kashe 1,780, saura sidi 20 a hannun ma'aji.

Kafinta ya yi maganar dogayen takalman roba, na ce kuɗi bai kai ba, a shiga da silifas tukuna. Na rubuta wannan don a san daga bakin wa ya fito.

Asabar, 4 ga Mayu

Aikin farko. Mun ce ƙarfe shida bayan Asuba. Mutum 19 suka fito cikin 43, kuma a cikin masu manyan muƙamai ma'aji kaɗai na gani. Mataimaki na biyu ya zo wajen ƙarfe tara cikin farar jallabiya, ya ɗauki hotuna ya zuba a WhatsApp, ya tafi.

Wanda bai taɓa zura hannu cikin gotar Nima ba bai san me muke zubarwa ba. A sama ledar fiya wata ce da robar tek-awe da baƙar leda. Ƙarƙashinsu yashi ne da baƙin taɓo mai nauyi kamar kwaɓaɓɓen siminti, in ka daki shebur sai ya riƙe shi, sai ka girgiza kafin ya sake. A daidai ƙofar Mma muka ciro abin da ya toshe hanyar gaba ɗaya: tsohuwar katifa, ta naɗe da gidan sauro da igiyar shanya, ta zama kamar gawar saniya. Mutum biyar suka ja ta da ƙugiya. Da ta fito, ruwan da ya shekara a tsaye ya yi wani irin gurnani ya fara tafiya. Yara suka bi shi da gudu suna ihu har kwana.

Mun yashe daga masallaci zuwa famfo, kusan rabin lungu. Muka tara taɓon a gefen hanya, tuli tuli, wai ya tsane kafin a kwashe. Mma ta aiko da bokitin koko da ƙosai, ta ƙi karɓar ko kwabo. Matasan lungun gaba sun sa mana suna 'yan gota. Tunda mun kasa zaɓen suna, ga shi an raɗa mana.

Talata, 7 ga Mayu

Aikin baban giwa. Daren jiya ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya wanke tulin nan kaf ya mayar cikin gota. Ba ma mayarwa kaɗai ba, da yake mun buɗe sama, ruwan ya taho da ƙarfi ya tura komai zuwa ƙasan lungu inda ba mu taɓa ba, ya haye ya shiga gidaje uku da ba su saba ganin ruwa ba. Ɗaya shagon mai gyaran rediyo ne, kayan mutane sun jiƙe.

Da safe ya zo shagona ransa a ɓace. "Malam tela, da kuka bar mu da dattinmu ai lafiya muke kwana." Ban sami abin faɗi ba sai haƙuri.

Kuskure biyu ne, duk namu. Na farko, mun sayi kayan haƙa ba mu ware kuɗin kwashewa ba. Na biyu, mun fara daga sama. Wani Baba da ya yi shekaru yana aikin gini ya ce mini ko ɗan koyo ya san ana yashe magudana daga ƙasa ne a hau sama, don ruwa ya sami inda zai bi. Na ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa mana ba?" Ya ce, "Ɗana, wa ya tambaye ni? Kuna can kuna rabon kujera."

Daga yau Baba ne ke nuna inda za a sa shebur. Ba a zaɓe shi ba, ba shi da muƙami.

Asabar, 11 ga Mayu

Jiya bayan Juma'a muka yi karo-karon gaggawa, sidi 310. Ba zai kai ko'ina ba. Da dare Magajiya ta aiko a kira ni. Ashe matan lungu suna da adashinsu shekara da shekaru, da shi suke yi wa juna suna da aure da zaman makoki, babu shugaba ta ɗaya balle ta biyu. Ta ƙirgo sidi 500 na hayar aboboya, babur mai ƙafa uku mai ɗaukar kaya, ta ajiye a kan tabarma.

"Wannan ba kyauta ba ce, ba kuma bashi ba ne. Kuɗin aboboya ne. In na ga taɓo ya kwana a bakin hanya, kai zan nema."

Na ce, "To, Hajiya."

Yau mutum 16. Muka fara daga inda gotarmu ke faɗawa babbar gota, muka hauro. Aboboya na tsaye, baro na juyewa kai tsaye a cikinsa. Sawu biyar, kowanne sidi 150, 750 ke nan. Saura 80. Mun je shagon mai rediyo mun ɗaga masa dandamalin ƙofa da bulo huɗu da ragowar simintin Baba.

Mun so mu zagaya da lasifika muna kiran mutane, Malam Liman ya hana. Wannan ne watan da masarautar Ga ke hana kiɗa da hayaniya kafin bikinsu na gargajiya na Homowo, kuma ƙasarsu muke zaune a kai. Sai aka koma bi gida gida da sallama. Ina ganin ma ya fi, don mutum ya fi jin kunyar wanda ya tsaya masa a ƙofa.

Asabar, 18 ga Mayu

Mutum 15. Mun kai har famfo, lungu ya haɗe. An fara karɓar sidi 10 daga kowane gida duk mako. Gidaje 34 ne, 22 sun biya. Sawun aboboya ɗaya.

Lahadi, 26 ga Mayu

Wannan makon ya kusa kashe mu.

Ranar Laraba wani ɗan unguwa da ke bin manyan siyasa ya zo da albishir: maigidansa ya ga hotunanmu, zai ba mu riguna 50 da sidi 3,000, zai kuma zo ranar Asabar ya riƙe shebur a ɗauke shi. Ba zan faɗi ko wace jam'iyya ba ce, don da ɗayan ɓangaren ne ya riga zuwa, labarin ba zai canza ba. Zaɓe na nan tafe 7 ga Disamba, kuma duk shekarar zaɓe zango kan yi farin jini.

Sidi 3,000 ba wasa ba ne ga mutanen da ke da ɗari da ɗoriya a asusu. Da shi sai takalma da murfin gota. Ni kaina na kwana ina lissafi. Taron yau ya tara mutum 31, har da waɗanda tun ranar rabon muƙamai ban sake ganinsu ba. Shugaba ya ce kuɗin ai namu ne, na haraji, a karɓa a ci, ranar zaɓe kowa ya dangwala inda ya so. Magana ce mai ma'ana, ban raina ta ba.

Wani direban tasi da ba ya cika magana ya miƙe. Ya ce shi kowa ya san inda yake dangwalawa, kuma wanda suke tura baro ɗaya da shi duk Asabar ɗan ɗayan ɓangaren ne. Ranar da aka sa wa ɗayansu rigar da ba tasa ba, baron nan zai rasa hannu ɗaya. Rabin gidajen da ke biyan sidi 10 kuma za su ce kuɗin kamfen muke tarawa. Baba ya ɗora da cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Aka ɗaga hannu, 17 da 14, aka ƙi. Mun aika da amsa cikin ladabi: in yana son taimako ya aiko da siminti ko takalma, babu hoto babu riga, za mu karanta sunansa a masallaci kamar na kowa. Har yanzu shiru. Shugaba ya ajiye muƙami, mutum shida suka bi shi suka fita daga zauren WhatsApp. Biyu daga cikinsu ma'aikata ne na gaske, rashinsu ya yi mini ciwo, ɗaya ma tare muka yi makarantar allo.

Na ce zan ɗinka mana 'yar shara ta aiki da kaina. Sai rigimar launi. Kore da ja da fari da baƙi na jam'iyyar masu lema ne, ja da fari da shuɗi na jam'iyyar masu giwa. Muka tsaya a ruwan ɗorawa. Wani ya ce za a riƙa tare mu a hanya ana cewa a cire MoMo, wato kuɗin waya, tunda launin masu wannan sana'a ke nan.

Asabar, 1 ga Yuni

Mutum 11. Ba a zaɓi sabon shugaba ba, kuma ba wanda ya tambaya.

Wajen ƙarfe takwas ƙaraminmu, ɗan koyon kanikanci, ya taka fasasshiyar kwalba a cikin taɓo. Ta huda silifas ta shige tafin ƙafa. Jini ya gauraye da baƙin ruwa. Na yage gefen rigata na ɗaure, direban tasi ya kwashe mu zuwa asibiti. Ɗinki biyar da allurar tetanos da magani. Katin inshorar lafiyarsa ya mutu tun bara, sai muka biya sidi 340, rabi daga asusu rabi daga aljihuna. Ba alheri na yi ba, ni na ce a shiga da silifas.

Da yamma na je gaida mahaifiyarsa. Ba ta yi faɗa ba, sai dai ta tambaye ni wa zai riƙa ba shi kuɗin abinci na makonni biyun da ba zai je gareji ba. Mun ɗauki wannan, sidi 20 kullum, karo-karo tsakaninmu.

Doka: ba mai shiga gota sai da takalmi. Kowa kuma ya danna *929# ya sabunta katinsa, zan duba ɗaya bayan ɗaya.

Litinin, 3 ga Yuni

Shekara tara yau da daren Circle, babbar mahaɗar hanyoyi ta Accra, a 2015, da ambaliya ta haɗu da gobara a gidan mai, mutum sama da 150 suka rasu. Bayan Isha'i Malam Liman ya yi musu addu'a, ya tuna wa mutane cewa ruwan da ya bar ƙofarmu ba ɓacewa yake ba. Babbar gota yake shiga, ya gangara kogin Odaw, ya bi ta Circle zuwa tafkin Korle, sannan teku. Ledar da ka jefa a Nima, wani take toshe wa hanya a can ƙasa.

Gidaje huɗu da ba sa biya sun kawo kuɗinsu a daren.

Alhamis, 6 ga Yuni

Kasuwar Kantamanto. Takalman roba na gwanjo ƙafa takwas, sidi 90 kowanne, 720. Alhaji ya biya duka, ya ce kada a faɗa. To, na dai rubuta.

Lahadi, 9 ga Yuni

Na yi jinkiri kafin rubuta wannan, sai da mai abin ya ce in rubuta.

Ina haɗa lissafin kuɗin gidaje na ga sidi 400 ba su fito ba. Na sake ƙirgawa sau uku. Na sami ma'aji shi kaɗai bayan Azahar, tun kafin in gama ya sunkuyar da kai. Mai gidan da yake haya ne ya matsa masa, ya ɗauka da niyyar mayarwa kafin a lura. Mutumin nan bai taɓa fashin Asabar ko ɗaya ba, shi ya fi kowa daɗewa a cikin taɓo.

Na rasa yadda zan yi. In na rufe, na zama abokin ɓoyewa, kuma ranar da ta fito kuɗin Magajiya da na gidaje sun tafi ke nan, ba mai sake ba mu ko sisi. In na fasa a taro, na kashe mutum a unguwar da aka haife shi. Muka tafi wurin Malam Liman mu biyu. Malam ya ce ni in yi shiru, ma'aji ya tashi ya faɗa da bakinsa.

Ya tashi a gaban mutum goma ya faɗa, muryarsa na rawa. Direban tasi ya ce, "Yaya, da ka tambaya ai da mun ba ka." Ma'aji zai riƙa mayar da 100 duk Juma'a. Shi da kansa ya ce a karɓi jakar.

Yanzu kuɗi na cikin layin MoMo na daban. Wayar na hannun Baba, lambar sirri na wurina, ba mai iya cirewa shi kaɗai. Duk Juma'a zan rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita da alli a allon da ke ƙofar makaranta, mai wucewa ya karanta.

Litinin, 17 ga Yuni

Jiya babbar Sallah. Duk shekara jinin layya da kashin tumbi a gota suke ƙarewa, kwana uku ba a iya zama a ƙofar gida don wari da ƙuda. Bana mun raba buhuna gida gida tun jajibere, muka ajiye tsofaffin durom uku a bakin lungu. Gidaje da yawa sun bi, wasu sun yi yadda suka saba. Wani maigida ya ce tun kafin a haife mu yake wanke tumbinsa a nan. Muka gaishe shi da Sallah, muka jira ya gama, muka kwashe.

Mai aboboya ya ce ranar Sallah sai 250. Sawu biyu, 500, ya cinye kuɗin mako biyu. Baɗi tun wata guda kafin Sallah za a yi ciniki da shi.

Abin da ba mu shirya ba: ganinmu da 'yan shara ruwan ɗorawa, mutane suka riƙa miƙo mana nama. Kafin La'asar an cika daro biyu. Ba mu san me za mu yi da shi ba, Magajiya ta karɓe ragamar. Ta san ɗakin kowace bazawara da kowane tsoho marar kowa, ta kuma aika da kaso ga 'yan matan kayaye, masu dakon kaya a ka, da ke kwana a barandar shaguna kusa da kasuwa. Mu dai ɗauka kawai muka yi, tana gaba muna baya.

Asabar, 22 ga Yuni

Ruwa tun Asuba, ba aiki. Na ɗauki lema na bi gotar daga sama har ƙasa. Tana gudu. Ɗakin Mma a bushe, shagon mai rediyo a bushe. Amma leda na ta gangarowa daga lungun sama, wanda ba namu ba.

Asabar, 29 ga Yuni

Mutum 13. Ɗan kanikanci ya dawo, yana ɗingishi kaɗan, an ba shi riƙon buhu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fita a kan riguna ya zo ya ɗauki shebur bai ce komai ba, mu ma ba mu ce ba.

Lissafi: gidaje 28 cikin 34 ke biya. A asusu sidi 410, saura 100 a bashin da ake mayarwa.

Abin da ke gaba shi ne murfin siminti a gaban makarantar allo, inda yara ke tsallake gota sau huɗu a rana. Baba ya auna, murfi goma sha biyu. Siminti buhu shida, rodi, yashi, tsakuwa da katakon zubi, ya ce a tanadi sidi 2,300, aikin hannu namu ne. Da kuɗin gidaje kaɗai sai ƙarshen Satumba, lokacin ƙaramar damina ta shigo. Za mu zuba huɗu huɗu, a fara da na bakin ƙofa.

Matasan lungun sama sun aiko suna son aron baro da shebur. An yi gardama, aka amince, da sharaɗin Baba ya bi su kuma su nuna kuɗin aboboya kafin su taɓa taɓo. Asambuliman ya ce in muna son buɗe asusun banki sai mun yi rajista, rajista kuma sai da suna da tsarin mulki a rubuce. An ɗage maganar zuwa bayan murfi.

Ranar Laraba za mu koma wurin Sarki, tunda ya ce bayan ruwan Yuni. Goro sidi 40. Tayar baro ɗaya ta fashe, gobe zan kai wa mai faci kafin in buɗe shago.